Tayar Prado: kafin ki biya, durƙusa ki karanta gefenta

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Yamai, ta ce:

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai. Maigidana ya rasu bara, ya bar mana motarsa Toyota Prado, ita muke shiga ni da yara duk bayan wata biyu mu je duba mahaifiyata. Tayoyin sun cinye, direba ya ce ba zai ƙara ɗaukar hanya da su ba. Shi yana so in sayi manya masu kaushin haƙori irin na motocin daji, wai su ne ba sa jin ƙaya. Ƙanen maigidana kuwa sana'arsa sayar da tayoyin da aka yi aiki da su a Turai, ya ce yana da Michelin huɗu kamar sababbi, jika 30 (sefa dubu 30) kowace. Jika 300 na ware. Ban san komai a kan taya ba, kuma ba na son in ɓata masa rai, don shi ke tsaye kan lamuran marayun nan. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Direbanki ya yi miki gaskiya da ya ƙi ɗaukar hanya, ki riƙe shi da kyau. Amma a zancen irin tayar da za a saya ban bi bayansa ba, ban kuma bi bayan ƙanen maigidanki ba. Shawarata ki sayi sababbin tayoyi huɗu na kwalta, daidai lambar da motar ta zo da ita, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Bari in faɗa miki dalili, don ke za ki tsaya gaban mutanen nan biyu ki yi magana.

Ki duba hanyar da kike bi. Daga Yamai zuwa Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, ki karya kwana a Tsarnawa ki yi arewa ta Badagishiri. Duk kwalta ce, wani wuri lafiya lau, wani wuri ramuka, amma kwalta. Motar kuma ba ta tafiya fayau. Ga ki, ga yara, ga direba, ga buhun shinkafa da jarkar mai da tsarabar Inna, wani lokaci har da kaya a bisa. A watan Afrilu da Mayu zafin gari yana wuce digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, ba mai iya taka ta ba takalmi. Awa bakwai ko takwas tayar tana murzawa a kan wannan wuta. Ƙaya in ta soki taya, iska ce ke fita sannu a hankali, a tsaya a canza, a kai wa mai faci. Zafi shi ne ke sa taya ta yi bindiga ana cikin gudu, fatarta ta saɓule, mota mai tsayi irin Prado ta fara tangaɗi. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ake ganinsa ba. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, akasarinsu a kan Ford Explorer, mota mai tsayi irin taki, saboda fatar tayoyin na rabuwa da jikinsu motoci suna kifewa. Inda abin ya fi tsanani wuraren zafi ne, jihohin kudancin ƙasar Amurka, Saudiyya, Benezuwela, kuma ƙarancin iska a cikin tayar na daga cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kai. To mu da muke cikin zafi wata tara a shekara, shi ya kamata mu fara tsoro kafin ƙaya.

Tayoyin irin motarki kashi uku ne, kuma ana rubuta su a jiki. Akwai H/T, ta kwalta: haƙoranta ƙanana ne a jere, ba ta da ƙara, tana kama hanya in an taka birki, ba ta sa mota shan mai da yawa. Akwai A/T, mai raba ƙafa, rabi kwalta rabi daji. Sai M/T, ta taɓo, wadda direbanki ke sha'awa. Na san abin da ke burge shi, mota tana yin kwarjini da ita. Sai dai an yi ta ne don laka da daji. A kan kwalta tana gurnani tun daga Yamai har Tawa, tana da nauyi, tana ƙara shan mai, tana saurin ɗaukar zafi saboda kaurin robarta, kuma ranar da aka yi ruwa birkinta ya fi nisa kafin mota ta tsaya. Ba taki ba ce. Wuri ɗaya zan sassauta: Adar ƙasar duwatsu ce. In gidan Inna ba cikin garin Tawa yake ba, in sai kun sauka daga kwalta kun bi burji da tsakuwa mai kaifi ta wajen Keita ko Buza a kowace tafiya, to A/T mai sauƙin haƙori ta dace, don gefenta ya fi jure yankan dutse. In kuwa daga ƙofar gidanki zuwa ƙofar gidanta kwalta ce sai 'yar rairayin unguwa, H/T ta ishe ki. Rairayin unguwa ba ya gagarar Prado da kowace irin taya.

Zancen "manya" kuma a bar shi. Ki buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne, kamfanin Toyota ya rubuta lambar taya da yawan iskar da za a sa. Yawancin Prado da ke yawo a Yamai za ki ga 265/65 R17, amma taki za ki duba, kada ki ɗauki tawa. 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 tsayin gefenta ne a kan faɗin, wato kashi 65 cikin 100, 17 kuma girman janti ne da inci, wato ƙarfen da ake ɗaura tayar a kai. In aka sa wadda ta fi wannan girma, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da motar ke yi, tayar na iya gogar jikin mota in an karya sitiyari, birki kuma ya ƙara wahala. Bayan waɗannan lambobi akwai wasu da mutane ba sa kulawa da su, misali 112S ko 112H. 112 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120. Harafin kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Ba wanda ya ce ki yi wannan gudu, Allah ya kiyaye. Amfaninsa shi ne tayar da aka gina don gudu mai yawa ta fi jure zafi. Kada ki yarda da lambar kaya ko harafin da ya gaza abin da ke takardar ƙofa. Sama da shi babu laifi. A wasu tayoyin za ki ga an rubuta Temperature, sai A ko B ko C a gabansa. Ma'aunin jure zafi ne na Amurka. A ki nema, B in ba yadda za a yi, C ki bar wa mai ita.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni, tayoyin ƙanen maigidanki. Ba na ce mutumin yana son cutarki ba. Shi da kansa ya yarda suna da kyau, don abin da ido ke gani haƙori ne, haƙoran kuwa suna nan cif. Amma roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Tana bushewa, tana taurarewa, mannin da ke riƙe wayoyin ƙarfe na cikinta yana saki, kuma daga waje ba a gani sai 'yan tsage-tsage kamar na dunduniya a lokacin hunturu. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Ki nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ki bi haruffan har ƙarshe, za ki ga lambobi huɗu, sau da yawa cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. In ba ki gani a gefe ɗaya ba a juya tayar, galibi a gefe guda ake buga cikakkiyar lambar. Kamfanin Michelin da kansa cewa yake bayan shekara 5 a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da haƙoranta ba su taɓu ba. Wasu kamfanonin mota shekara 6 suke cewa. Waɗannan lissafi ne na duniya baki ɗaya, har da ƙasashen da rana ba ta dukan kowa. A nan, ni ba na ɗora iyalina kan tayar da ta haura shekara 6.

Ni ma na taɓa sayen irinsu, shi ya sa nake magana da zafi. Wata shekara, ana saura kwana uku Sallar layya, na sayi biyu a hannun wani mai tayoyi a Yamai, haƙora kamar ba a taɓa hawa ba, an shafe su da baƙin mai suna ta ƙyalli. Mun wuce Dogon Dutsi da kaɗan, wajen ƙarfe ɗaya na rana, sai na ji kamar an harba bindiga a baya. Motar ta ja ni hagu, na riƙe sitiyari da hannu biyu ban taka birki ba, ta yi ta jan ƙafa har Allah ya sa muka tsaya a gefen gona. Matata na salati, ƙaramar 'yarmu ta ƙanƙame wuyan yayanta. Da na sauka, fatar tayar tana can baya kwance a kwalta kamar saɓar maciji, wayoyi a waje, gefen ba ya taɓuwa don zafi. A nan ƙarƙashin wata aduwa wani tsohon direban babbar mota da ya tsaya taimakonmu ya sa yatsa ya nuna mini lambobi huɗun nan. Shekararta 9. Ya kuma nuna mini wani ɗan zane, dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Ya ce, "Ɗana, wannan ta ƙasar sanyi ce."

Ki riƙe wannan zanen a ranki. Tayoyin da ke ɗauke da shi, musamman masu 'yan tsaga sirara birjik a kan kowane haƙori, da yawansu an yi su ne don lokacin sanyin Turai, robarsu mai laushi ce don ta kama hanya in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Bature yana cire su ya sayar tun haƙoransu na da saura, su taru a kwantena su iso mana. A kan kwaltar Konni a watan Mayu irin wannan roba narkewa take kamar man shanu, ta cinye cikin 'yan watanni. Akwai tayoyin A/T na gaskiya da su ma ke da zanen, saboda haka ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, amma in kin gan shi a tsohuwar taya tare da kalmar Winter ko Alpin ko Ice, ki ajiye ta. Sannan tsohuwar taya ba ta ba da labarin abin da ya same ta. Ko ta taɓa faɗawa rami wayoyinta suka karye, ko an yi tafiya da ita ba iska, ko an yi mata faci a gefe, wanda ba ya gyaruwa. Wasu ma ana bin kwarin haƙoranta da wuƙa mai zafi a ƙara masa zurfi don ta yi kama da sabuwa. A tayar babbar mota da aka gina don haka ana yi, a ta ƙaramar mota kuwa rage mata nama ne har kusa da waya.

Za ki ce to Michelin fa, ai suna ne. Suna ne ƙwarai, kuma in da kuɗinki sun kai sabuwarta, ko sabuwar Bridgestone Dueler, Dunlop Grandtrek ko Yokohama Geolandar, da na ce ki saya ki huta. Amma in za a auna tsohuwar Michelin mai shekara 8 da sabuwar taya ta matsakaicin kamfani da aka yi bara, ni ta bara zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. Akwai Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, akwai Maxxis ta Taiwan, akwai na Sin irin su Sailun, Triangle da Linglong, masana'antu ne sanannu da ke sayarwa har Turai. Abin da zan hana ki shi ne taya mai sunan da ba wanda ya taɓa ji, wadda ba DOT, ba kuma ɗan da'irar nan mai harafin E da lamba, alamar ta cika ƙa'idar Turai. Ki sa a zagaya shago uku ko huɗu a ji farashi da kuɗin da kika ware, kada a tsaya a na farko. Ko sabuwa ce a yage ledar da aka naɗe ta a karanta shekara, don akwai sabuwar da ta yi shekara huɗu tana shan rana a ƙofar shago. Ki nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba, kuma huɗun su zama iri ɗaya.

Na ce huɗu da gangan. Prado ƙafafunta huɗu ke ja a koyaushe, in tayoyin suka bambanta a girma ko a cinyewa, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ita ke shan wahala, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya. In kuɗi suka gaza ƙwarai, sai biyu kawai, to a sa sababbin a baya. Na san masu faci da yawa gaba suke cewa. Amma in gaba ta zame direba yana da sitiyari a hannu, in baya ta zame ko ta fashe motar juyawa take. Sauran biyun a sayo su da wuri, kafin damina, don a Yuli da Agusta ruwa na kwanciya a hanya, tayar da ta cinye kuwa ba ta iya kore shi, sai mota ta hau kansa ta yi ta sulɓi. A cikin kwarin da ke tsakanin haƙoran taya akwai wasu 'yan tudu da aka sa a tsayin milimita 1.6. In haƙori ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki, ni kam tun tana milimita 3 nake fara neman kuɗi. Kada a manta da ta ko-ta-kwana. Sau da yawa ita ce mafi tsufa a motar, ta zo tun daga kamfani ba a taɓa sauke ta ba. A karanta shekararta ita ma. In ta tsufa, a zaɓi mafi ƙuruciya cikin waɗanda za a cire a maye gurbinta, ko a ƙara ta biyar in hali ya yi.

Game da ƙanen maigidanki, kada ki ce masa kayansa ba su da kyau, ba kuma sai kin bi ta bayansa kin saya ya gani a mota ba. Mutum ne da ya san 'yan kasuwar taya fiye da ni da ke. Ki kira shi gida, ki ce, "Baban yara, tunda marigayi ya tafi gabana ke faɗuwa a hanyar nan, na yi niyyar sababbi zan sa wa marayun nan ko da zan ƙuntata. Kai ka san kasuwa, ka nemo mana." Ki ba shi takarda da lambar tayar, lambar kaya da harafin gudu, H/T, da shekarar da ba za a gaza ba. In akwai la'ada a ciki ya ci, halal ɗinsa ce. Kin ba shi girmansa, kin kuma sa shi cikin lamarin. Da wuya mutumin da ke tsaye kan 'ya'yan ɗan'uwansa ya ji an ambaci ransu ya tsaya jayayya a kan jika 120. In ya dage sai nasa, ki ce ku je tare ku karanta shekarunsu. In ya kasance ba su wuce shekara 3 ba, ba na sanyi ba ne, lambarsu ta yi daidai, an kuma cire su an duba cikinsu ba faci ba kumburi, ɗaya na iya zama ta ko-ta-kwana. Ranar da aka kawo sababbin kuma ki fito da kanki, ki gyara mayafi ki durƙusa ki karanta. Ba rashin yarda ba ne, motarki ce.

Wajen ɗaurawa a je inda ke da inji. A canza bakin iska na kowace taya, kuɗinsa kaɗan ne kuma shi ma roba ne mai tsufa. A daidaita nauyin kowace ƙafa da 'yan dalman nan da ake maƙalawa a janti, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa in an kai kilomita 90 ko 100. A kuma saita ƙafafun gaba, musamman in tsofaffin tayoyin gefe ɗaya suka cinye. In ba a saita ba, sababbin ma haka za su cinye, kuɗinki su tafi a banza.

Direbanki kuma ki saya masa ma'aunin iska nasa na kansa ya ajiye a mota, a daina bugun taya da ƙarfe ana sauraren ƙara. Da asuba zai auna, kafin motar ta motsa, ya sa abin da takardar ƙofa ta ce, in an yi lodi sosai ya bi adadin lodi in an rubuta shi. Lambar da ke jikin tayar iyaka ce, ba ita ake sawa ba. Akwai wata al'ada da nake roƙon ki hana shi: in an tsaya a Dosso ko Konni aka ga iska ta hau saboda zafi, sai a sassauta wai kada ta fashe. Hawan nan daidai ne, an gina tayar da saninsa. In aka rage, gefenta zai riƙa lanƙwasa yana ƙara ɗaukar zafi, abin da ake gudu shi ake jawowa. Ku riƙa fita bayan sallar asuba yadda za ku ci rabin hanya kafin rana ta take, ya tsaya kan kilomita 90 zuwa 100, duk inda aka tsaya shan ruwa ya zagaya motar ya duba ko akwai kumburi a gefe. Tafiyar farko bayan an ɗaura, in kun kai Birnin Gaure ya sauka ya sake ɗaure notocin ƙafa huɗun, don sukan ɗan saki bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko.

In kun isa Tawa ki gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.